Taswirar gari a hannun ƴan gari: bayani a kan QGIS da yadda ake koyon sa

Duk shekara, da zarar an yi ruwan shuka, maganganu iri guda ne ke dawowa a fadar mai gari da bakin kasuwa: wane ya ci iyakar gonar wane, burtali ya tsuke har garke ba ya iya wucewa, ruwa ya sake cin unguwar da ya ci bara. In kun lura, duk waɗannan rigingimu a kan tambayoyi biyu suke tsayawa: a ina ne, kuma faɗinsa nawa? A da, amsa su da taswira sai injiniya mai kayan aiki masu tsada. Yanzu akwai manhajojin taswira na kyauta da matashi mai karatun sakandare zai iya koya. Wannan bayani mun tsara shi ne don a adana, a riƙa dawowa gare shi.

Mene ne SIG?

SIG taƙaitaccen suna ne na Faransanci, masu Turancin Ingilishi kuma suna cewa GIS. Ma'anarsa tsarin da ke haɗa taswira da rajista wuri guda a cikin kwamfuta, wadda muka fi sani da ordinatar. Taswirar takarda tana nuna maka rijiya ce a nan, shi ke nan. A SIG kuwa, in ka taɓa ɗigon rijiyar sai rajistarta ta buɗe: zurfinta gaba nawa, ta siminti ce ko ta gargajiya, tana ƙafewa da rani ko ba ta ƙafewa, wa ke kula da ita.

Ana jera bayanan ne shimfiɗa-shimfiɗa, kamar a ɗora tabarma bisa tabarma, sai dai kowace ana hango ta ƙasanta. Shimfiɗar hanyoyi daban, ta gonaki daban, ta rijiyoyi daban. Ka ga dama ka kunna wannan ka kashe waccan.

Bayanan iri biyu ne. Iri na farko zane ne, kuma siffa uku gare shi: ɗigo, kamar rijiya ko makaranta, layi, kamar hanya, burtali ko gulbi, sai kewaye, kamar gona, tabki ko hurumin kiwo. Ana ce masa bekta. Iri na biyu hoto ne da aka yanka gida-gida kamar gidajen dara, kowane gida da lambarsa. Hoton tauraron ɗan Adam da bayanin tudu da kwari duk irin wannan ne, ana ce masa rasta. Wanda ya riƙe wannan bambanci ya riƙe rabin darasin farko.

QGIS da danginta

Manhajar da aka fi sani a wannan fage ita ce QGIS. Wani Ba'amurke mai suna Gary Sherman ya fara rubuta ta a 2002 da sunan Quantum GIS. Fitowa ta 1.0 ta zo a 2009, aka taƙaita sunan zuwa QGIS a 2013, fitowa ta 3.0 kuma ta zo a 2018. Ba kamfani guda ke da ita ba. Masu sa kai da ƙwararru daga ƙasashe da yawa ne ke gyara ta, kuma lasisinta ya ba kowa damar ya sauke ta, ya yi aiki da ita, ya kwafa wa wani, ya ma sauya ta in ya iya. Abin da ake nufi da buɗaɗɗiyar manhaja ke nan. To, kun ga in ɗaya ya sauke ta a Maraɗi ya zuba a kile ya kai wa abokai goma a ƙauye, bai yi sata ba, bai karya doka ba. Tana aiki a Windows, Linux da Mac, kuma ana iya juya ta zuwa Faransanci.

Ba ita kaɗai ba ce. Akwai GRASS, tsohuwar manhaja da injiniyoyin sojan Amurka suka fara a 1982, wadda yanzu kayan aikinta na lissafin ƙasa da magudanan ruwa ake kiran su daga cikin QGIS. Akwai QField, da ake sa wa a salula mai Android a fita daji da taswirar da aka shirya a kwamfuta. Akwai KoboToolbox da ODK na cike takardun tambayoyi tare da lambar wuri, ko babu rezo. Sai OsmAnd da Organic Maps, waɗanda ake sauke taswirar Nijar a cikinsu sau guda a ci gaba da amfani ba tare da intanet ba.

Uwar tafiyar kuma ita ce OpenStreetMap, taswirar duniya da kowa ke iya ƙara wa bayani, wadda Steve Coast ya kafa a Ingila a 2004. Ta yi suna ne bayan girgizar ƙasar Haiti ta 2010, lokacin da masu sa kai daga nesa suka zana tituna da gine-gine cikin ƴan kwanaki don masu ceto. A nan Nijar ma akwai matasa masu wannan aiki na sa kai.

Me za ta amfana mana a nan?

Na farko, sha'anin ƙasa. Dokar Tsarin Karkara ta 2 ga Maris 1993 ita ce ta kawo hukumomin kula da filaye da muke kira COFO, tun daga na gunduma, na ƙaramar hukuma, har na ƙauye da mai gari ke shugabanta. Su ke ba da takardun shaidar gado, saye, kyauta, jingina, aro da haya. Dokar kiwo ta 2010 kuma ta ƙara kare burtaloli da wuraren kiwo. Amma takarda tana cewa ne gona ta yi iyaka da wane a gabas, da wane a yamma. In shaidu suka rasu, iska ta binne gamba, aka sare aguwar da ke kan iyaka, sai gardama ta tashi. In an haɗa takardar da lambobin kusurwoyin gonar, ko bayan shekara talatin ana iya komawa a tsaya daidai wurin. Mutanen jahar Maraɗi ba su manta abin da ya faru a Toda a 1991 ba, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka sama da ɗari. Duk abin da zai sa a san iyakar burtali tun kafin dabbobi su sauko daga arewa, ba ƙaramin abu ba ne.

Na biyu, ambaliya. A 2020 kogin Kwara ya cika ya shiga unguwannin Yamai. A 2024 ruwa ya yi ɓarna mai yawa a Maraɗi da sauran jahohi, a Damagaram har tsohon masallacin Birni ya faɗi. Ruwa dai ba ya ɓata hanyarsa. In matasa suka bi bayan ambaliya suka ɗauki lambar duk inda ruwa ya kai, da tsayin alamar da ya bari a bango, an sami taswirar da za a nuna wa mai raba fegi da mai saye.

Na uku, neman haƙƙi. Ma'aikatar lafiya tana auna yawan mutanen da ke zaune cikin kilomita 5 daga gidan likita na CSI. A QGIS, cikin minti kaɗan ake zana zoben kilomita 5 a kewayen kowane CSI, a ga garuruwan da suka faɗa waje. Wakilan gari da suka je ƙaramar hukuma da irin wannan takarda sun fi waɗanda suka je da baki kawai. Gani ya kori ji.

Na huɗu, itatuwa da gonaki. Da kwatanta tsofaffin hotunan jirgin sama da sababbin hotunan tauraron ɗan Adam ne masu bincike, cikinsu har da Gray Tappan da Chris Reij, suka nuna wa duniya cewa manoman Maraɗi da Damagaram sun raya itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta wajen miliyan 5 ta hanyar sassabe mai kyau. Aikin manoma ne, amma sai da taswira ta yi shaida aka yarda.

Lambar wuri: inda aka fi yin tuntuɓe

Kowane wuri a duniya yana da lambobi biyu: ta arewa, mai nuna nisansa daga tsakiyar duniya, da ta gabas. Maraɗi tana wajen 13.5 arewa, 7.1 gabas. Damagaram wajen 13.8 da 9.0. Tawa wajen 14.9 da 5.3. Yamai wajen 13.5 da 2.1. Salula tana samun waɗannan lambobi ne daga taurarin GPS da ke shawagi a nisan kilomita wajen 20,000, kuma sai ta ji huɗu aƙalla kafin ta san inda take. Wannan ba ya cin kuɗin kira, ba ya buƙatar rezo.

Abu uku za a kiyaye.

Na ɗaya, kar a juya lambobin. A QGIS lambar gabas ita ce X, ta arewa ita ce Y. Wanda ya musanya su ga Maraɗi, ɗigonsa zai faɗa ƙasar Kamaru, kusa da Ngaundere. In ka ga rijiyar garinku ta ƙaura can, ka san abin da ya faru.

Na biyu, kar a datse wutsiyar lamba. Digiri ɗaya na arewa ya kai kilomita wajen 111. Lamba uku bayan ɗigo tana kai ka cikin mita ɗari da ƴan kai ne kawai. Sai da lamba biyar ake kusantar mita ɗaya. Don haka a rubuta biyar ko shida.

Na uku, digiri ba a auna gona da shi. Salula tana ba da lambobi a tsarin WGS 84, mai lamba 4326 a cikin QGIS. In za a auna tsawo da faɗi da mita, sai a juya shimfiɗar zuwa tsarin UTM. Nijar ta ratsa yanki uku: Yamai, Doso da garin Tawa suna yanki na 31, mai lamba 32631, Maraɗi da Damagaram suna na 32, mai lamba 32632, Difa tana na 33. Wanda ya ce a zana masa zoben 5 alhali shimfiɗarsa tana kan digiri, zai sami zoben da ya haɗiye rabin ƙasa.

Sai kuma batun kuskuren salula kanta. A fili, ba rufi ba inuwa, takan kauce da kamar mita 5. Ku ɗauki gona mai hekta ɗaya, wato mita 100 a tsaye, 100 a kwance, murabba'in mita 10,000. In gefe ɗaya ya goce da mita 5, an ƙara ko an rage murabba'in mita 500 ke nan. Wannan ya isa a san girman gona don lissafin iri da taki, amma bai isa a yanke hukunci a kan kunya biyu da ake gardama a kansu ba. Dabarar rage kuskure ita ce a tsaya a kowace kusurwa minti ɗaya ko biyu har lambar ta natsu, a kauce wa gindin babban icce da jikin bango.

Kayan da ake buƙata

Kwamfutar hannu ko ta gwanjo ce ta isa. Mai ƙwaƙwalwar aiki jiga 4 tana ɗauka, mai jiga 8 ta fi sauƙi. A nemi linzamin hannu, don zane da ɗan allon yatsa wahala ne. Manhajar tana da nauyi, ta kai jiga ɗaya, don haka a sauke ta inda intanet ke da ƙarfi, daga shafinta na qgis.org kawai. Za a ga fitowa biyu. A zaɓi mai alamar LTR, ita ce wadda ake daɗewa ana kula da ita, ba ta yawan sauyawa. Bayan an girka ta, yawancin aiki ba ya son intanet. Sai salula mai Android da batirin ajiya, da littafi da biro, don abin da aka rubuta a takarda ba ya mutuwa da caji.

Inda ake samun bayanai kyauta

Iyakokin jahohi 8 da gundumomi 63 na Nijar, da na ƙananan hukumomi, suna shafin HDX na ofishin agajin Majalisar Ɗinkin Duniya. Hanyoyi, garuruwa da gine-ginen OpenStreetMap ana sauke na ƙasar gaba ɗaya daga shafin Geofabrik, ko a jawo na yanki kaɗan da ƙarin manhajar QuickOSM.

Hotunan sama kuma akwai Sentinel-2 na Tarayyar Turai, da aka fara harbawa a 2015. Kowane gida na hotonsa mita 10 ne, kuma yana dawowa kan wuri guda kamar duk kwana 5. Da shi ake ganin tabki ya cika ko ya janye, da inda shuka ta yi kore da inda ta ƙone. Akwai Landsat na Amurka, da ke ɗaukar hoto tun 1972, aka buɗe taskarsa kyauta a 2008. Gidansa ya fi girma, mita 30, amma shi ke nuna yadda gari da daji suka sauya cikin shekaru masu yawa. Tudu da kwari kuma akwai bayanan SRTM da aka auna a 2000. Ku sani dai waɗannan hotuna ba su nuna mutum ko akuya. Ko iyakar ƙaramar gona da ƙyar take fitowa.

A gida, taswirar hukuma tana hannun cibiyar taswira ta ƙasa, IGNN. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tun 1974 tana bin ruwan sama da amfanin gona na ƙasashen Sahel, tana kuma horar da ma'aikata. Sashen nazarin ƙasa na Jami'ar Abdou Moumouni ma yana koyar da wannan fanni.

Yadda za a bi karatun

Shawararmu ita ce kar a fara da taswirar duniya. A fara da abin da aka sani da ƙafa.

Matakin farko, sanin allo. A buɗe iyakokin Nijar, a nemo gundumarku, a sauya launi, a sa sunaye su fito, a buɗe rajista a tace ta. Littafin koyon QGIS na hukuma yana shafinta, akwai shi da Faransanci, da darussa bi da bi.

Mataki na biyu, fita fili. A zaɓi abu guda, misali duk rijiyoyi da fanfunan gari. Tun kafin a fita a tsara tambayoyin: suna, iri, yana aiki ko ya lalace, ranar da aka duba. A ɗauko lambobi, a shigar, a ba masu aiki launi daban da matattu.

Mataki na uku, zane da awo. A kewaya gonar gida, a zana ta, a juya zuwa UTM, a fitar da girmanta. A gwada da abin da tsofaffi suka sani na yawan tiyar iri da take ci, a ga ko sun yi kusa.

Mataki na huɗu, tambayar taswira. Nan ne ainihin nazarin yake: zoben tazara, wanda Faransanci ke kira tampon, haɗa shimfiɗa biyu don ganin gonakin da suka shiga burtali, ƙirga gidajen da ke cikin kwari.

Mataki na biyar, fitar da takarda. Taswirar da za a kai gaban jama'a dole ta ɗauki take, kibiyar arewa, ma'aunin nisa, fassarar launuka, kwanan wata da inda aka samo bayanan. In an yi amfani da OpenStreetMap, lasisinta ya wajabta a ambace ta.

Wanda ke ba abin awa ɗaya ko biyu kullum, tare da aboki, zai ga hannunsa ya faɗa. Sannu ba ta hana zuwa.

Ƙananan abubuwa masu ɓata aiki

Fayil ɗin aiki na QGIS ba ya ɗauke da bayanan a cikinsa, hanyar zuwa gare su kawai yake riƙewa. In ka aika wa wani shi kaɗai, zai buɗe ya tarar da allo fari. A tara komai a jaka guda, a kwafe ta gaba ɗaya. Tsohon nau'in ajiya na shapefile fayiloli ne da yawa masu tafiya tare, ɗaya ya ɓata sauran sun lalace, kuma sunan shafin rajista ba ya wuce harafi 10. GeoPackage ya fi, fayil guda ne. A zaɓi tsarin rubutu na UTF-8, in ba haka ba haruffanmu masu ƙugiya, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, su koma shirme. A kuma riƙa ajiye kwafi a kile biyu, don ƙura da zafi ba su raga wa kwamfuta.

Iyakar taswira

Wannan sashe shi ne muka fi so a riƙe. Taswirar da matashi ya zana ba takardar mallaka ba ce. Ba ta maye gurbin COFO, ko mai gari, ko sarki, ko alƙali, ko ma'aunin injiniyan da hukuma ta yarda da shi. Iyakar da aka ɗauka ba tare da maƙwabcin gona yana tsaye ba, rigima aka zana. Burtali kuwa ba a bin sa sai da manoma da wakilan makiyaya, rugga ko ardo, tare da ƴan COFO. Tsofaffi su ke da sanin, matasa su ke da na'ura. In ɗaya ya tafi ba ɗaya, aikin bai cika ba.

Sannan a nemi izini kafin a ɗauki gidan mutum ko gonarsa. Sunayen masu gonaki, lambobin talho da bayanin dukiya ba a zuba su a OpenStreetMap ko a rukunin WhatsApp. A halin tsaron da ake ciki, a nisanci barikoki da wuraren jami'an tsaro, a sanar da hukuma kafin a fara yawo da salula ana ɗaukar lambobi, kuma jirgi marar matuƙi ba a tashinsa sai da izini. Haka nan ba a kwafar Google Maps a zuba a OpenStreetMap, lasisinsu bai yarda ba.

Ga ƴan uwa na ƙetare

Ku da ke Kano, Legas, Akara, Abijan, Aljeriya, Libiya ko Turai, kuna da rawar takawa. Kafin ku aiko kuɗin fegi, ku ce a turo muku lambobin kusurwoyinsa huɗu, ku duba shi a hoton sama na watan Agusta ko Satumba, ku ga ko kwari ne mai kwanciyar ruwa. Sannan a bi takardu ta hanyar hukuma. Mai intanet mai ƙarfi zai iya buɗe asusu a OpenStreetMap ya zana gidaje da hanyoyin garinsu daga inda yake, na gida su bi da ƙafa su sa sunayen unguwanni daidai yadda ake faɗar su. Ƙungiyar ƴan gari kuma in ta haɗa kuɗi ta sayi kwamfuta ɗaya da faifan sola, ta damƙa wa matasa biyu ko uku, mata da maza, ta ba su aikin farko: taswirar ruwan sha na gari.

Mai tambaya a kan wani mataki ya aiko ta hanyoyin da kuka saba samun mu, za mu tara su mu amsa a shiri na gaba. Wanda kuma ya riga ya iya, muna roƙon ya zauna da na bayansa ya nuna musu. Allah ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya tsakanin manomi da makiyayi.